Gashi a Ƙugun Babur

Bari-Ya-Sha ake ce masa a layin masu gyara, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Ka kawo masa babur da notin da ya cije, kana tsaye kana huci kana duba agogo, shi kuwa sai ya ɗiga wa notin kananzir, ya goge hannu, ya nemi benci ya zauna. In ka yi magana ya ce, "Bari ya sha." Ka je ka dawo da la'asar, bari ya sha. Wani ɗan kasuwa da ransa ya ɓaci ya taɓa ce masa, "Wai ƙarfen nan raƙumi ne?" Ya ce a'a, raƙumi ai yana ƙoshi.

Ya koyi aikin ne tun yana saurayi a hannun wani tsohon bakanike mai zafin rai, mutumin da bai taɓa ɗaga guduma a kan ƙarfe ba, amma yaransa kam sun sha ranƙwashi har sun gode Allah. A wurinsa ya ɗauko ra'ayin cewa tsatsa ba a yi mata gaggawa. Shekaru ta yi tana shiga, to don me za ka ce ta fita kafin azahar? Da tsohon ya rasu, Bari-Ya-Sha ya buɗe nasa garejin, ɗan ɗaki ɗaya da rumfar kwano, tsakanin mai walda da mai faci. A nan ya yi aure, a nan ya ciyar da 'ya'ya har suka watse, a nan gemunsa ya yi fari. Ba ya tsada, ba ya sauri, ba ya ƙarya a kan ƙarfe. Mutane kan zage shi a hanyar zuwa, su yabe shi a hanyar komawa.

Abin da layin bai sani ba shi ne, idanun Bari-Ya-Sha sun daɗe da fara tafiya.

Da farko ya ɗauka wani ne ke ƙona shara a bayan gareji, don kullum hayaƙi-hayaƙi yake gani. Sai ya ɗora wa ƙwan fitila laifi, ya canza shi. Ya ɗora wa tabarau, ya sayi wani. Yanar ido ce ta rufe idon hagu, tana kuma rarrafowa kan na dama, ya sani sarai, amma ko a mafarki bai yarda ya faɗa ba. Bakaniken da ba ya gani, wa zai ba shi babur? Sai ya yi dabara. Yaran da ke koyon aiki a wurinsa ya yaye su ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu albarka, don ya san yaron gareji shi ke fara gane maigidansa ya miƙa hannu ya kuskure sifana. Mutane suka yi ta cewa kai, dattijon kirki, ba ya riƙe yara kamar bayi. Ya jera kayan aikinsa kowanne da mazauninsa, yatsunsa suka koyi abin da ido ya manta, yana taɓa noti ya san lambarsa. Babur ɗinsa na kansa kuwa ya daina hawa, ya ce gwiwa ce ta hana. Ya tura shi can ƙuryar rumfa, daidai inda kwanon ke yoyo, damina bayan damina tana sauka a kansa.

Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma Bari-Ya-Sha ya naɗa nasa har ya rufe kunnuwa.

Ana nan sai aka yi wa surukinsa canjin wurin aiki. Mijin Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe, wadda duk gidan suka san ita ce 'yar lele. Ma'aikacin jinya ne mai kunya, allura kawai yake yi da wankin ciwo, amma tsohon ba ya kiransa sai Likita, don ya ga yana sunkuyar da kai. An tura shi wani ƙaramin asibiti can nesa, inda kwalta ke ƙarewa a rabin hanya, sauran kuwa ramuka ne da duwatsu da wani dogon gangare kafin gada. Mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Auta ta ce ƙafarta ƙafar mijinta, ga ta da goyo.

"To ga babur can yana kwana yana tashi," in ji Bari-Ya-Sha. "Ƙarfen da ne, ba irin gwangwanin yanzu ba. Ka ba ni lokaci, Likita, zan tashe shi."

"Baba, wahalar za ta yi yawa."

"Wahalar me? Ni na haifi babur ɗin nan sau biyu, na uku ne zai gagare ni?"

Injin bai ba shi matsala ba. Ya wanke, ya canza abin canzawa, ya buga, ya tashi da tari kamar tsohon da aka tasa daga barci. Tayoyi, birki, sarƙa, duk yatsu sun iya da su. Da ya zo ƙugu ne gabansa ya faɗi.

Ƙugu shi ne sunan da maigidansa ya raɗa wa wurin. Tayar baya ta babur tana riƙe ne tsakanin wasu hannayen ƙarfe biyu, su kuma hannayen suna haɗe da gangar jikin babur da sandar ƙarfe ɗaya tak, wadda ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan aka ɗaure ta da noti. A kanta hannayen ke lilo sama da ƙasa duk sanda taya ta faɗa rami. Nauyin mai tuƙi, nauyin na baya, nauyin kaya, duk a kan sandar nan suke sauka. In taya ta yi faci sai a tsaya a gyara. In sandar ƙugu ta karye ana cikin gudu, ba a tsayawa, ɗauka ake zuwa yi.

To a daidai nan ruwan kwanon ya yi ta ɗiga. Bari-Ya-Sha ya shafa wurin ya ji tsatsa ta kumbura ta yi ɓawo, tana ɓarɓashi a ƙarƙashin farcensa. Ya jijjiga hannayen, ko motsi. Sandar da gidanta sun zama abu ɗaya.

Ya kwantar da babur a gefe, ya haɗa kananzir da baƙin mai, ya ɗiga. Da safe ya ɗiga, da rana ya ɗiga, in zai rufe gareji ya ɗiga ya naɗe wurin da tsumma. Mai faci, wanda bakinsa ba ya zama shiru ko yana cin abinci, ya leƙo ya ce, "Dattijo, kawo guduma mu gama da ita mana. Ko sai jikar taka ta yi aure?" Ya ce masa ya je ya ji da iskarsa. Kwanaki suka yi ta tafiya, ranar da aka ba Likita ta kama aiki tana matsowa. Sai da ya rage saura kaɗan sannan notin ya yi ƙara ya saki. Ya ɗora guntun katako a kan sandar, yana ƙwanƙwasawa a hankali kamar mai tashin mara lafiya, har ta fara ja da baya. Da ta fito, wani jan ruwa mai wari ya biyo ta ya zubo masa a ƙafa.

Ya zauna da ita a cinya. Burushin waya tukuna, ɓawon ya yi ta zuba. Sai samfefa mai kaushi da ya jiƙa da kananzir, sai mai laushi, yana juya sandar yana bi da babban yatsa. Ramin da take shiga ma ya naɗa tsumma a jikin waya ya yi ta zurawa yana jawowa, har tsumman ya daina fitowa da yashi-yashi. Ya fitar da tsofaffin bushi, wato zobban da sandar ke juyawa a ciki, waɗanda suka ruɓe, ya sa sababbi. Wannan duk aikin hannu ne, kuma hannunsa bai tsufa ba. Sandar ta yi sumul, sai 'yan ƙananan ramuka da tsatsa ta ci, irin waɗanda ba sa kisa.

Amma can kusa da kai, inda sandar ta yi 'yar kafaɗa, farcensa ya tsaya a kan wani abu. Ya sake bi, bai ji ba. Ya juya ya sake bi, kamar ya ji. Zai iya zama sawun samfefa. Zai iya zama ba shi ba.

Ya ɗaga ta saitin ƙofa ya ƙura mata ido har hawaye ya zubo. Wani dogon abu mai haske kawai yake gani a cikin hayaƙi. Ya rataye ta da waya ya buga mata sifana, don lafiyayyen ƙarfe yakan yi kuka mai tsawo, mai ciwo kuwa sai ya yi guntu. Ta yi kuka. Ya isa tsawo? Injin mai walda na ta ruri a maƙwabta, ya buga ya sake bugawa, kowane bugu da abin da yake gaya masa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Ya aika kasuwar kayan gyara a nemo sabuwa. Aka dawo aka ce irin wannan babur an daina kawo kayansa tun tuni. Wadda aka samo ta yi gajarta, ga ta da laushi, yana goga mata zarto ta ci. Ya jefar da ita cikin kwandon tarkace.

Saura hanya ɗaya, kuma ya san ta tun yana saurayi. A jiƙa ƙarfe cikin kananzir ya kwana, a goge shi ya bushe ƙayau, a shafe shi da alli, a ajiye. In akwai tsaga, komai sirantarta, ta riga ta sha kananzir, za ta kuma amayo shi, sai ka ga wani siririn baƙin layi ya fito a kan farin allin. Maigidansa gashi yake kiran wannan layi, don bai fi silin gashi kauri ba, shi ma haka ya tashi yana kiransa, haka duk yaran da ya yaye. Ƙarfen da ya yi gashi ba a gyara shi, ba a yi masa addu'a, jefarwa ake yi.

Ya jiƙa, ya goge, ya shafa allin. Sannan ya zauna yana riƙe da amsar a hannunsa, ba shi da idon karanta ta.

Mai walda yana nan taku kaɗan, idonsa garau. Mai faci ma yana nan. Da ya ce, zo duba min, ba na gani, da magana ta ƙare a nan. Sai dai kafin rana ta faɗi layin gaba ɗaya ya ji, kafin mako ya zagayo masu babur sun koma wani wuri, shi kuma ya zama tsohon da ake gaisarwa da ƙarfi ana kama masa hannu. Likita kuwa, surukinka ka ce masa ba ka gani, alhali kai ka gyara abin da zai ɗauki 'yarka? Ya yi ta juya abin a ransa. Gobe da safe za su tafi.

Yana cikin haka sai ya ji takun da ya sani. Iyar yara ce, matarsa, ta kawo masa abinci da kanta don ba wanda za ta aika. Tela ce, har yanzu tana zura zare a allura ba tabarau, ga tsabta kamar ta wanke ruwa. Duk zamansu ba ta taɓa wuce bakin rumfar nan ba, ta ce warin mai yana sa ta ciwon kai, nasa ma da yake kawowa gida haƙuri take yi.

Ya gyara murya, ya yi kamar abin bai dame shi ba.

"Yauwa, tunda kin zo. Tabarauna ya yi maiƙo, hannuna kuma kin ga yadda yake. Ɗauki ƙarfen nan ki kai haske, ki duba min ko akwai gashi a jiki. Ki duba sosai, musamman wajen kan."

Ta yi ɗan jim. Sannan ta karɓa da yatsu biyu ta fita bakin rumfa. Yana hango inuwarta tana juya abin, ta kai kusa da fuska, ta hura, ta yi wani motsi da gefen mayafinta, ta sake juyawa. Ta daɗe.

"Babu gashi, Malam," ta ce. "Ko sili ɗaya."

"Kin tabbata?"

"Haba, ni da ke tsince zare a baƙin yadi? Na ce maka babu."

Alhamdulillahi, ya ce, ya sake cewa. Mutum in yana son amsa, ba ya tsayawa ya bincike ta. Bai tambayi kansa ko matar da ba ta taɓa zama a gareji ba ta san yaren gareji ba. Ya wanke allin, ya cika sandar da giris, ya zura ta ta shige sumul, ya ɗaure notin da duk ƙarfinsa. Ya kama tayar baya ya jijjiga hagu da dama, ba ta yi wasa ba. Ya danna sirdi, ƙugu ya yi lilo ba ƙara. Aiki ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, ko maigidansa ne ya tashi daga kabari ba zai sami abin ranƙwashi ba.

Da hantsi suka zo ƙofar gareji. An ɗaure jakunkuna a baya da roba, da buhu, da tukunya, da katifa a naɗe. Ya shafa kayan ya ji yawansu, wani abu ya ɗan soke shi, ya ce, "Likita, gidan gaba ɗaya ka ɗauko?" Aka yi dariya. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta juya masa baya don ya taɓa kan jaririyar. Kan yana da ɗumi, gashin laushi kamar auduga.

"Baba, an ce hanyar ba ta da kyau," ta ce. "Zai kai mu kuwa?"

"Wa ya gyara?"

"Kai."

"To hau."

Ta hau. Ya tsaya yana sauraron injin har ya sha kwana, har ƙararsa ta narke cikin ta sauran ababen hawa. Mai faci ya ce, "Dattijo, ka iya," shi kuwa ya koma bencinsa yana jin daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Bayan azahar Iyar yara ta sake kawo abinci. Gidan ya yi mata faɗi, ta ce, ba kukan yarinya. Wannan karon har ta zauna a bakin benci, tana fifita da mayafi, tana lissafin inda suka kai. Yanzu dai sun bar kwalta, in ji ta. Yana cikin wanke hannu ta yi tsaki.

"Ka ga mayafin nan, na wanke har sau nawa, warin kananzir ɗinka ya ƙi fita. Duk wancan ƙarfen naka mai zufa ne ya jawo."

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwa.

"Wace zufa?"

"Ɗan datti ne ya fito a kan allin, wajen kan, siriri haka kamar an ja layi da biro. Na goge, allin ya goge, na ce yanzu ka yi faɗa, sai na shafo na gefe na rufe wurin. Kafin in juya ya sake fitowa, a nan inda yake dai. Na sake gogewa. Abin kamar da gayya."

"Ya zagaye ƙarfen?"

"Ya kusa haɗewa. Me ya faru? Malam, lafiya?"

Kwanon ruwan ya kife. Ya miƙe, gwiwarsa ta bugi akwatin sifanu, kayan da ya jera shekara da shekaru suka watse a ƙasa. Innalillahi, yake cewa, innalillahi. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kai ta dab da hancinsa, wani farin haske kawai, babu suna babu lamba. Dama shi amsawa kawai yake yi, in zai kira sai ya ce wa na kusa hannunsa da mai.

"Shi ne gashin," ya ce. "Layin nan shi ne gashin. Tsaga ce. Ƙarfen a karye yake, shi ke riƙe da tayar da Auta ke zaune a kai."

"Gashi ka ce min! Gashi na nema!"

"Kira su. Karɓi, kira Likita, ki ce su tsaya duk inda suke, su sauka, kada su ƙara taku ɗaya." Ya miƙa wayar inda yake zaton tana tsaye, ya kuskure ta da kusan kamu guda. Mai walda ya kashe injinsa, mai faci ya taso, yana jin tsayuwarsu a bakin rumfa. Bai rage murya ba. "Ni ba zan iya ba. Ba na gani. Na daɗe ba na gani."

Ta kamo hannun nasa ta zare wayar.

"Na sani," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta. "Tun bara na sani. Wa kake tsammani yake kawar maka da kujeru a hanya? Na ga ba ka so a sani, na yi maka kara. Shi ya sa jiya ban tambaye ka komai ba, kada ka ji kunya. Da ka ce min tsaga, Malam. Kalma ɗaya!"

Ta danna lambar Likita, ta sa a kunne, shi ma ya matso da nasa kunnen har kansu ya haɗu. Tana shiga. Tana ta shiga. Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san ba a jin waya a aljihu in inji na kuka, balle a hanya mai ramuka, balle a gangare. Ta katse don kanta. Iyar yara ta kira ta Auta, ita ma ta yi ta ringi a can cikin wata jaka da aka ɗaure da roba.

Mai walda ya riga ya buga nasa babur ya fita a guje, mai faci a bayansa, amma tazarar rabin yini ba a cinye ta da gudu. Bari-Ya-Sha, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa mutane su jira, ya tsaya a tsakiyar sifanunsa, ya kasa jira ko na minti ɗaya.

"Sake kira," ya ce.

Ta sake kiran wayar Likita. Ta shiga sau ɗaya, sau biyu, sai aka ɗauka. Hayaniyar mutane ce a can, da iska, da wani yana cewa a matsa. Muryar da ta yi sallama ba ta Likita ba ce.